Minti Ashirin na Bwana Kombo

Allah Ya yi mutane iri-iri, Ya kuma yi Bwana Kombo. A nan tsibirin Unguja, daga Kikwajuni har kasuwar Darajani, babu wanda bai san shi ba, kuma bakinsa ne ya sanar da shi. Akwatunan tafiya yake sayarwa a wani ɗan shago. Saboda ya daɗe yana sayar wa matafiya akwati, sai ya ɗauki kansa shi ma matafiyi ne. Ya manna taswirar duniya a bango, duk wanda ya zo sayen akwati sai ya auna masa tafiyarsa da yatsa kafin ya ba shi canji. Makka yatsa huɗu ce. Maskat ma haka, sai dai a karkace.

Shi kansa kuwa bai taɓa sa ƙafa a jirgin sama ba. Jirgin ruwa sau ɗaya ya hau, tun yana saurayi, kuma ba ya son a tuna masa.

To, sai auren Masudi ya taso, ɗan marigayi wansa. Yarinyar 'yar Darussalam ce, can tsallaken ruwa, a unguwar Magomeni. A gidan su Kombo kuwa akwai al'ada: namiji ba ya zama gaban liman a ɗaura masa aure sai da baƙar alkyabba mai zaren zinariya, da rawani, da wuƙar Kaka a ɗaure a kan ciki, wata lanƙwasasshiyar wuƙa mai kube na azurfa. Babban namijin gida ke ajiye ta, kuma tun rasuwar wansa ta dawo hannun Kombo. Wannan ajiya ita ce kaɗai sarautar da ya taɓa riƙewa a duniya, yana kuma ji da ita kamar ransa. Kakan amarya, Mzee Chande, shi ma ya aiko da nasa sharaɗin: ango ya zo da kayan gidansu, shi ba ya ba da jikarsa ga mai kayan aro.

Ana gobe ɗaurin aure, Bi Riziki, yayar Kombo, ta tara dangi a tsakar gidanta.

"Kowa ya kwana da shirinsa," in ji ta. "Jirgin ruwan asuba za mu bi. Bayan la'asar ake ɗaurawa. Kombo, kawo kayan ango in sa a jakata."

"Za ku bi dai," in ji Kombo, yana kaɗa ƙafa. "Ni ta sama zan zo."

"Ta ina?"

"Ta sama, Yaya. Kin san tsakanin Unguja da Darussalam nawa ne? Ko rabin farce bai kai ba, na auna. Minti ashirin! Kafin mai shayi ya juya shayi sau biyu an sauka. Ku kuwa awa biyu cur kuna lilo a kan ruwa kamar buhunan kanumfari."

"Buhunan kanumfarin dai suna isa."

"Baffa," in ji Masudi a ladabce, "ai kowa ruwan yake bi. Har goggon amarya ma, Bi Zuhura ta nan Mlandege, jirgin yamma ta ce za ta biyo, don ita walimar mata kawai take so ta riska."

"Ban san ta ba, amma Allah Ya ba ta haƙuri. Ɗana, bari ka ji. Ku tafi da asubarku. Ni zan yi barcina, in sha gahawata, in yi aski, in karɓo halawa daga kan wuta, in taso bayan kun yi nisa, kuma ni zan tarbe ku a ƙofar gidan surukai. Mutanen Darussalam za su ci halawar Unguja tana ƙona musu yatsa, abin da ba a taɓa yi ba tun da aka haƙa teku."

Bi Riziki ta dube shi sama da ƙasa. "Kombo, ni na goya ka. Na san abin da ke tsakaninka da ruwa. Kada ka sa in faɗa gaban yara."

"Babu komai tsakanina da ruwa sai alwala."

"To na ji. Halawa ka ɗauka, in ta salwanta ma sayi wata. Amma ba ni wuƙar."

Nan fa ya miƙe tsaye. Wuƙar Kaka a jakar mace, tare da man shafawa da ƙosan rogo? Yana raye? Ya buga ƙirji ya ce in har suka riga shi taka ƙofar gidan Mzee Chande, shi Kombo, da hannunsa, zai wanke tukwanen pilau, wato dafa-dukan shinkafa, na bikin nan kaf.

"Kun dai ji," in ji Bi Riziki. "Ni ma ga tawa. In yaron nan ya nemi wuƙar kakansa a kan lokaci bai samu ba, ta bar gidanka ke nan har abada."

"Na yarda. A shafa fatiha."

Ba a shafa ba, amma kowa ya ji.

Gari ya waye, dangi suka tafi. Kombo ya yi barcinsa kamar yadda ya ce, ya fito dakalin mai gahawa da tikiti a aljihun gaba, ya bar kan tikitin ya leƙo don kowa ya gani. Faki mai aski ya zare shi ya karanta.

"Bwana, nan fa an ce ka je awa guda kafin tashi."

"Wannan na 'yan ƙauye ne, waɗanda sai an koya musu yadda ake zama. Ka taɓa ganin mutum ya je tashar mota awa guda kafin direba? Aske ni sosai, sama akwai iska."

Daga aski ya wuce wurin mai halawa. Akwai wadda aka kwashe tun safe, ya ce shi ba ya ɗaukar gawa, sai wadda ke kan wuta. Ya zauna ya jira ta nuna, aka cika masa bokiti huɗu, man shanu na tsattsafowa, ƙamshin na tsayar da masu wucewa. Ya zaɓi akwati mafi girma a shagonsa ya sa kayan ango, bai ko cire takardar farashin ba. Mai tasi ya ɗaure komai, suka nufi filin jirgi.

Suna shiga harabar, wani ɗan farin jirgi ya taso ya bi ta kansu. Kombo ya leƙo ya ɗaga masa hannu.

"Ka gani? Irin wannan zan hau."

Ai kuwa shi ne nasa.

"Ya tashi?" ya ce wa yarinyar da ke bayan kantar tikiti. "Ba ni a ciki? Ba ku ga kujera ɗaya babu kowa ba? Ko kwandastan motar hayar unguwar Bububu yana leƙowa ya ce saura mutum ɗaya!"

"Baba, an yi ta kiran sunanka."

"Ina wurin mai halawa, ta ina zan ji? Kira shi ya juyo, bai yi nisa ba, ga shi can ina ganinsa."

Yarinyar 'yar mutunci ce, ta haɗiye dariyarta. Ta ce akwai wani bayan azahar, saura kujera ɗaya. Kombo ya yi lissafi da yatsa: azahar da minti ashirin, ai har yanzu la'asar na da nisa. Tukwane dai sun hau kansa, amma wannan magana ce ta cikin gida, a iya murɗa ta. Ya yarda.

"To ɗora kayanka a sikeli."

Ya ɗora. Allurar ta zagaya kamar za ta karye.

"Baba, ƙaramin jirgi ne. Wannan kayan mutum huɗu ne. Sai ka rage."

"In rage me? Ango ko halawa?"

"Abin da ke jikinka dai ba kaya ba ne," in ji ta. "Sauran kuwa sai ka san yadda za ka yi."

Idon Kombo ya yi haske. Ya ja akwatin zuwa bayan wani ginshiƙi, bayan ɗan lokaci ya fito cikin baƙar alkyabba, rawani ya sha naɗi, wuƙar Kaka ta zauna daram a kan tumbi. Akwatin ya mayar wa mai tasi ya kai shago. Wasu mata 'yan tsibirin Pemba da ke jiran jirginsu suka hango shi, sai guɗa ta tashi.

"Ango! Ango ya sha ƙamshi!"

"Kai, amma amaryar nan ta yi haƙuri," in ji wata tsohuwa a cikinsu. "Ta jira har ya yi furfura."

Kombo bai ce shi ne ango ba, bai kuma ce ba shi ba ne. Ya dai gyara tsayuwa. Turawa masu yawon buɗe ido suka taso da wayoyinsu, ya dafa wuƙa, ya kalli nesa kamar mai tunanin jiragen kakanninsa.

Aka sake awo. Har yanzu halawa ta yi yawa.

"Kika ce abin da ke jikina ba kaya ba ne?"

"Haka na ce."

"Na cikina fa?"

Bai jira amsa ba. Ya buɗe bokiti ɗaya, ya nannaɗe hannun alkyabba, ya ce bismillah. Halawar Unguja kuwa kowa ya sani, loma uku ake yi a nemi gahawa. Kombo ya yi talatin. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin rawani. Da ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya yafuto matan Pemba, su kuwa ba su yi masa rowar baki ba, har Turawa aka lasa wa. Kafin a ce haka, bokiti biyu sun tashi.

"Yanzu ya yi," in ji yarinyar. "Saura kai. Hau."

"In hau ina?"

"Sikeli. Har mutum muke aunawa, don mu san inda za mu zaunar da shi."

Ya hau. Ta kalli allura, ta kalli tumbinsa, ta rubuta wani abu.

"Tsakiya za ka zauna, Baba. Kuma don Allah in an tashi kada ka leƙa taga ɗaya, jirgin zai karkace."

Matan Pemba suka kwashe da dariya har da tafawa. Kombo ya ɗauki bokitansa biyu ya nufi ƙofar bincike, yana tafiya a hankali don cikin ya fara yi masa magana. Yana ratsa ƙofar sai ta ɗauki kuka.

"Ango, me ke ɗaure a cikinka?" in ji jami'in da ke wurin.

"Wuƙar kakana."

"Wuƙa. To ba a shiga jirgi da wuƙa. Cire, a naɗe ta, a sa ta ƙasa tare da kaya, in kun sauka ka karɓa."

Da Kombo ya yi haka, da labarin nan ya ƙare a nan, da kuma babu wanda zai ba da shi. Amma ina.

"A ƙasa? Tare da takalman Turawa? Yaro, ka san wace ce wannan? Wannan ta je Maskat a jirgin ruwa mai filafilan yadi tun kakanka bai san wando ba. Ni in zauna a sama, Kaka a ƙarƙashina?"

"Doka ce, Baba."

"Dokar ta masu kaifi ce. Wannan ko gwanda ba ta yankawa. Tsaya ka gani."

"A'a, ba sai ka..."

Ya kama ƙotar ya ja. Wuƙar da ta shekara arba'in ba a zare ta ba ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake ja. Ya cije leɓe, ya tattara ƙarfin halawa, ya fizga. Ta fito fit, hannunsa ya tafi sama da ita, bakinsa kuma, saboda murna, ya ce, "Allahu Akbar!"

Wayyo. Turawa suka zube ƙasa kamar an yanke musu igiya. Wani dogo ya shige ƙarƙashin kujera ya bar ƙafafu a waje. Matan Pemba suka yi bayan kanta suna salati. Jami'ai biyu suka rugo, na gaba ya yi karo da bokiti, halawa ta malale a kan tayil, na baya ya taka, ya tafi da gudu a kan duwawu har bakin ƙofar fita. Kombo na tsaye da wuƙa a sama yana cewa, "Ku duba mana! Ba ta da kaifi! Wa zai kawo gwanda?"

A wani ɗan ofis marar taga aka ajiye shi. Ya yi bayani tun daga kan Kaka har zuwa Masudi, aka ce ya sake, ya sake. Yana cikin na uku ya ji ƙarar jirgi ta taso, ta yi sama, ta yi nisa. Babban jami'in, wani dattijo mai tabon sallah, ya gwada wuƙar a kan takarda, takardar ta lanƙwashe ba ta yanku ba. Ya mayar da ita kube ya miƙa masa.

"Tafi, Bwana. Babu sauran kujera sai gobe. Kuma ko da akwai, mutanen nan sun ce in kai ne a ciki su sun fasa."

Yana fitowa da bokiti ɗaya tal, wayarsa ta yi ƙara. Bi Riziki ce.

"Kombo, mun iso tun hantsi. Mun yi wanka, mun ci, mun yi azahar, har na ɗan runtsa. An nuna mini tukwanen ma, manya ne, Allah Ya ba ka lada. Kana ina?"

"Ina sama, Yaya. An hana waya."

Daidai nan ladanin masallacin bakin titi ya ɗaga murya, ya kira la'asar.

"A saman ake kiran sallah?"

"Matuƙin ne. Mutum ne mai addini ƙwarai."

Ya kashe wayar. Ya tsaya a bakin titi, ya kalli sama, ya kalli bokiti. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa. Hanya ɗaya ta rage a duniya, ita ce wadda ya tsana. Ya yi la'asar a gurguje, ya ja jelar rawani ya rufe fuska, ya tare babur.

"Tashar jirgin ruwa. In ka gaya wa wani, Allah Ya isa."

A tashar ma ango aka ɗauke shi, aka buɗe masa hanya, ya faɗa jirgin yamma ana janye tsani. Kujerar da ta rage kusa da wata mata ce mai jiki, cikin baƙin mayafi da niƙabi, ta rungume kwando. Kombo ya zauna, kuma da yake bakinsa ba ya iya zama shi kaɗai, tun ba a bar gaɓa ba ya fara.

"Baiwar Allah, kada ki ga na shigo nan. Ni ta sama nake tafiya. Yau ne dai na ce bari in ga yadda talakawa ke fama."

"Allah sarki," in ji matar.

"Biki za ni Magomeni. Kayan ango ne a jikina. Wani tsoho ne can, Chande, ya kafe sai an zo da wuƙa. Kin san irin tsofaffin nan, haƙori biyu, sharaɗi goma. An ce kansa kamar kwakwar da aka manta a rana."

Idanun matar suka ɗan ƙanƙance ta cikin niƙabi. "Ikon Allah," in ji ta. "Sai kuma me aka ce?"

Da ya ƙara, don yana da sauran, amma lokacin iskar kudu ne, kuma jirgin ya fita daga inuwar tsibiri. Ya hau tudun ruwa na farko, ya sauka. Halawar da ke cikin Kombo ta hau tare da shi, amma ba ta sauka ba. Fuskarsa ta koma launin ganyen ayaba. Ma'aikacin jirgi na zagayawa da baƙaƙen ledoji, Kombo ya karɓi ɗaya da yatsa biyu, wai ko maƙwabciyarsa za ta buƙata.

Ba a jima ba ya cika ta. Matar ta miƙa masa tata. Ya cika. Ta karɓo na mutanen layin gaba.

"Wuƙar nan," ya ce da ƙyar, "tana danne mini ciki. Riƙe mini, baiwar Allah, don darajar iyayenki."

"Don darajar ubana dai," in ji ta, ta karɓa ta sa a kwando.

Abin da ya biyo baya ba na faɗa ba ne a gaban abinci. Ya durƙusa a ƙasa ya rungume bokiti, ya tuba daga zunuban da ya yi da waɗanda yake niyya. Ya yi wasiyya da shago. Ya kira uwarsa da ta shekara goma sha a ƙasa. Wani ɗan kasuwa ya ce, "Wannan ango ko fursuna? In ba ka son auren ai sai ka faɗa." Matar nan dai tana yi masa fifita da murfin kwando, tana cewa, "Sannu, mutumin sama. Sannu."

Jirgin na taɓa gaɓar Darussalam ana kiran magariba. Kombo ya ji ƙasa ta tsaya, ransa ya dawo, wayonsa ma ya dawo. Abin da ya fara zo masa shi ne kada wani idon sani ya gan shi yana fitowa daga jirgin ruwa. Ya ja rawani ya rufe fuska, ya suri bokiti, ya ratsa mutane kamar ɓarawo, ko sallama bai yi wa matar ba. Ya haye babur, alkyabba na tashi a bayansa.

A Magomeni an tare titi da rumfa, an shimfiɗa tabarmi. An ɗaga ɗaurin aure daga la'asar zuwa bayan magariba, don Mzee Chande ya ce ko za a kwana sai kayan gidan ango sun zo. Liman ya gaji da duba agogo. Masudi na zaune cikin farar riga kawai kamar marar lafiya. Sai ga babur, sai ga Kombo.

Ya sauko da ƙasaita, ya ɗaga bokiti sama. "Assalamu alaikum! Ku yi haƙuri, jama'a. Tun azahar muke saman garin nan, layi ne a sama. Jirage sun yi cunkoso, muna ta zagaye. Har na ce wa matuƙin, yaro, bi ta bayan gajimaren can, akwai hanya."

"Tun azahar," in ji Bi Riziki daga bakin labulen mata. "Minti ashirin ɗin ne suka yi 'ya'ya?"

"Yaya, ba za ki gane ba. Da safe ma ai na hango jirginku a teku, ɗan mitsitsi kamar kyankyaso a kwano."

"Da safen da kake wurin aski?"

Mzee Chande, wani ɗan siririn tsoho mai sanda, ya ɗaga hannu. "Sannu da sauka, Bwana. A ba yaro kayansa, dare na yi."

Nan gaban jama'a aka tuɓe wa Kombo alkyabba da rawani, aka bar shi da 'yar shara. Masudi ya sa alkyabbar, ya ɗan shinshina.

"Baffa, kamar warin teku. Da wani abu kuma."

"Gajimare ne, ɗana. Haka yake wari in ka matso kusa."

Wani ya buɗe bokitin halawa ya dangwala. "Wannan ai ta fi hancin kare sanyi. Ita ke nan, guda ɗaya?"

"Sanyin sama ne. Sauran kuwa matuƙin ya roƙa."

"Wuƙar fa?" in ji Mzee Chande.

Kombo ya kai hannu ciki. Ya shafa dama, ya shafa hagu. Ya shafa baya, inda wuƙa ba ta taɓa zama ba. Tumbi ne kawai, shi ma ya sace.

"Wuƙar," ya ce. "E. Wato ita wuƙar, a ƙa'idar sama, takan sauka daban. Tana nan tafe a jirgi na gaba."

"Ta dai zo a na ruwa."

Muryar mace ce, daga bayan rumfa. Wata mai jiki cikin baƙin mayafi ta ratso da kwando, mata suka ɗau guɗa, "Bi Zuhura! Goggon amarya ta iso!" Ta durƙusa gaban Mzee Chande ta gaishe shi, sannan ta sa hannu a kwando ta fito da wuƙar Kaka, azurfarta na ƙyalli a hasken fitila.

"Baba, wani bawan Allah ne ya ba ni riƙo a jirgin ruwan yamma, lokacin yana durƙushe yana kiran uwarsa. Leda bakwai ya cika, har da tawa. Ga shi can, mai 'yar shara."

"Ban taɓa ganin matar nan ba!" in ji Kombo.

"Gaskiyarka, niƙabi ne da ni. Amma ni na gan ka, ciki da waje." Ta juya ga mahaifinta. "Ya kuma ba ni saƙo. Ya ce haƙoranka biyu, sharaɗinka goma, kanka kuma kamar kwakwar da aka manta a rana."

Wani ya ƙware da gahawa. Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Daga nan rumfar ta fashe, maza na dukan tabarma, mata na riƙe juna a bayan labule. Kombo ya nemi ƙasa ta tsage, ita kuwa ƙasar Darussalam ba ta san shi ba balle ta yi masa alfarma.

Mzee Chande ya cire hularsa, ya shafa sanƙonsa a hankali. "Kwakwar dai na yarda," ya ce. "Amma haƙorana uku ne. A riƙa faɗin gaskiya."

Ya karɓi wuƙar, ya ɗaura wa Masudi da hannunsa. Liman ya yi huɗuba, aka ɗaura, aka shafa fatiha, Allah Ya sa albarka. Halawar nan guda aka yanka ƙanana-ƙanana kamar maganin asibiti, kowa ya samu abin da zai sa a ido.

Ana watsewa Kombo ya matso wurin ango yana murmushi. "To ɗana, in ka gama, kawo in adana."

"Ka adana me?" in ji Bi Riziki. "Lokacinta la'asar ne, ba ta zo ba. Masudi, daga yau tana wurinka. Kai kuma ga soso can, ga toka."

Washegari da hantsi aka jera masa tukwanen a bayan gida, irin waɗanda yaro zai iya wanka a ciki, ƙanzo ya kama gindinsu kamar siminti. Kombo ya zura kai da kafaɗa cikin ta farko yana kankara. Mzee Chande ya jawo kujera ya zauna kusa da shi da ɗan kofin gahawa. Can sai wani ɗan farin jirgi ya bi ta kansu, ya nufi teku.

"Bwana Kombo, kai da ka sani. Wancan yaushe zai isa Unguja?"

"Minti ashirin, Mzee," in ji murya daga cikin tukunya. "Ni ban yi ƙarya ba. Sama ba ta da laifi. Mutanen ƙasa ne ba su da mutunci."

Bi Zuhura ta fito daga ɗaki da ɗan ƙulli a hannu, ta ajiye masa a gefen tukunya. Ya zaro kai, toka har gira, ya kwance. Baƙaƙen ledoji ne, sababbi, an ninke su tsaf.

"Tukuicin biki," in ji ta. "Yayarka ta ce jirgin asuba za ku bi gobe. Na lura na jirgin ba sa isarka."